Bibiya da Tsangwama Bayan Rabuwa: Abin da Doka Ta Tanada

Da zarar idda ta cika, tsohon miji ya zama bare a shari'ar Musulunci. Ba shi da ta cewa kan inda matar za ta je ko wanda za ta aura. Tsohon saurayi kuwa dama bai taɓa samun wannan iko ba. Duk da haka wasu ba sa haƙura: su tare ta a hanyar kasuwa, su dame ta da kira cikin dare, su kori manema, ko su yi kurarin watsa hotunanta a WhatsApp.

Dokar hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP, ita ce ta fito fili ta mai da bibiya laifi. Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a 2015, amma a Abuja kaɗai take aiki sai jiha ta yi tata. Kebbi ta yi, Gwamna Atiku Bagudu ya rattaba hannu a 2022. A dokar tarayyar, hukuncin bibiya ɗauri ne da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta haura naira 500,000 ba, ko duka biyun. Abin da ya fi amfani shi ne umarnin kariya: kotu ta haramta wa mutum kusantar gidan mai ƙara ko wurin sana'arta, in ya saɓa a kama shi. Ba sai an jira ya yi duka ba.

Barazana da kutsawa gidan mutane tsofaffin laifuka ne a kundin Final Kod, ana kai ƙorafinsu ofishin 'yan sanda ko gaban majistare. Barazana ta waya ko intanet kuwa tana ƙarƙashin sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024.

A ƙasar Yauri ta jihar Kebbi yawancin irin wannan rikici gaban mai unguwa, dagaci ko 'yan Hisba yake fara zuwa. Sulhu yana da daraja, sai dai alkawarin da aka yi a zaure ba ya ɗaure mai taurin kai. Kotun shari'a ta fi iya raba gardama, domin mai bibiya yakan fake da wani abu: ganin 'ya'ya, kuɗin hul'i, ko kayan toshi. A mazhabar Malikiyya riƙon yara na uwa ne muddin ba ta yi wani aure ba, ciyarwa na kan uba. Idan alƙali ya yanke lokacin ziyara da abin da za a mayar, aka rubuta, uzurin zarya ya ƙare.

Kowace kotu hujja take nema. Saƙonni, lokutan kira, takardar asibiti da shaidar maƙwabta suna da nauyi, kuma kuskure ne a goge saƙo don ɓacin rai. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA suna taimakawa kyauta, amma Birnin Kebbi, inda ofisoshinsu suke, ta yi wa mutanen ƙasar Yauri nisa, shi ya sa rakiyar waliyyi zuwa kotu mafi kusa ta fi sauƙi. Dokar ba ta ware jinsi ba: namijin da tsohuwar matarsa ta addabe shi ma yana da damar kai ƙara.