Kwalba Ta Uku

Da kaka, kawuna ya aiko wa Inna da farin wake daga gonarsa ta Jiratawa. Ta ware tiya guda na ƙosan azumi, ta shanya shi kwana biyu a tabarma, ta ɗura a kwalaben mayones uku, ta murɗe murafen tam, ta jera a lungun ɗakinta a Sabon Gari.

Bayan wata huɗu aka ga wata, ta jawo su. Biyu lafiya lau. Ta ukun kuwa, kowace ƙwaya ta huje, gari ya taru a gindi, ƙwari na ta sintiri a jikin gilashi.

"Wani ya buɗe mini kwalbar nan," in ji Inna, tana hararar autarmu.

"Wallahi Inna ban taɓa ba."

Na ce a dakata. Ɓera dai ba ya cin gilashi. Ko laima ce? Inna ta ciji ƙwaya ɗaya, ta ce ƙaras, babu kuma fumfuna. Muka juye kwalabe biyun nan masu kyau a faifai. A ƙasan kowacce sai ga matattun ƙwari, sun bushe kamar ƙaiƙayi. A jikin wasu ƙwayoyin kuma akwai ɗigo-ɗigo farare, ba su kai ƙwayar gishiri ba. Ashe dukkan kwalaben da ƙwaro a ciki tun ranar farko. Tambayar sai ta juya: mene ne ya kashe na biyun, ya bar na ɗayar?

Na kira maƙwabcinmu, tsohon malamin gona. Ya ce ɗigon nan ƙwai ne. Tun wake na gona uwar ƙwaro ke saka su, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta kutsa cikin ƙwaya, cikin kamar wata guda ta fito da fiffike ta sake haihuwa.

"Hajiya, ƙwaro ma numfashi yake," in ji shi. "Iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 ne oksijin. In kin toshe masa ko'ina, shi da kansa zai shanye rabonsa."

Ya ce a kan haka aka gina buhun PICS da ake sayarwa a kasuwa, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fara bazawa a 2007. Ibrahim Baoua, masanin ƙwari da ya yi aiki a cibiyar binciken noma ta INRAN a nan Maradi, yana cikin waɗanda suka yi ta gwada shi. A 2012 shi da Larry Murdock na Purdue da abokan aikinsu sun nuna cewa ƙishirwa ce ke ƙarasa ƙwaron: yawancin ruwan jikinsa daga abincin da ya sarrafa da oksijin yake samu, in iskar ta yi ƙasa sai ya daina ci, ya bushe. A Amurka matan gida kan sa ɗan inji ya zuƙe iskar kwalba. A nan ƙwaro ke yi mana aikin kyauta, muddin murfi ya riƙe.

Sai ya sa aka kawo bokitin ruwan ɗumi. Ya rufe kwalaben babu komi ciki, ya danna su ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Ta farko shiru, ta biyu shiru. Ta uku tana nutsewa, sai ƙananan kumfa suka jero daga tsakiyar murfin. Ya kankare takardar farashin da ke manne a wurin, ya ɗaga murfin sama. Haske ya ɓullo ta wani huji kamar na allura.

"Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga," in ji shi. "Wannan bakin wuƙa ne."

Jikina ya yi sanyi. Na tuna daren da murfin nan ya ƙi buɗuwa, ga burodi a hannuna, ga yunwa, na caka masa wuƙa.

Na faɗi gaskiya. Autarmu ta yi tsalle har da tafi. Inna ta miƙo mini kwando, ta ce tiya guda, fari, kuma kada in dawo mata da mai huji.