Kafarnahum: Tsakanin Riwaya da Shaidar Kufai

Gabatarwa

Ɗaliban ilimi a ƙasar Hausa sun san Tafkin Ɗabariyya ta hadisin Tamimud Dari, amma kaɗan ne suka san garuruwan da ke gaɓarsa. Wannan maƙala ta dubi ɗaya daga cikinsu, wato Kafarnahum, domin auna abin da riwaya ta faɗa da abin da tono ya tabbatar.

Garin a Tarihi da Linjila

Ma'anar sunan a Ibrananci ita ce ƙauyen Nahum. Masunta da manoma sun zauna a wurin tun wajen ƙarni na 2 kafin Miladiyya, har ya zama kufai a wajen ƙarni na 11. Linjilar Matiyu ta ruwaito cewa nan Annabi Isa (AS) ya koma da zama bayan barinsa Nazarat, nan kuma ya kira Matiyu daga wurin karɓar haraji. Linjilar Markus ta ambaci koyarwarsa a majami'ar garin da shigarsa gidan Bitrus.

Abin da Tono Ya Nuna

A 1905 Jamusawa biyu, Kohl da Watzinger, suka tono wata majami'ar Yahudawa ta farin dutse. An daɗe ana ɗaukar ta tsohuwa ƙwarai, sai aikin da Corbo da Loffreda suka fara a 1968 ya gano dubban tsabar kuɗi a ƙarƙashin daɓenta, waɗanda suka nuna ginin na ƙarni na 4 ne zuwa na 5. Ke nan ba ita ce majami'ar da Markus ya ambata ba. Akwai harsashin baƙin dutse a ƙasanta, amma masana sun saɓa kan zamaninsa.

Haka kuma an sami coci mai kusurwa takwas ta ƙarni na 5, a kan wani gida da masu ziyara suka yi rubuce-rubuce a bangonsa. Wannan ya tabbatar da cewa Kiristocin farko sun girmama gidan. Bai tabbatar da cewa na Bitrus ne ba.

Kammalawa

Tono kan nuna zamanin gini da rayuwar mazauna, amma da wuya ya kama sunan mutum. Mai nazarin Dala ko tsohuwar Daura na buƙatar irin wannan taka-tsantsan, kada ya ɗora wa kasko da tubali nauyin da ba za su iya ɗauka ba.