Sauya Wa Mota Manyan Tayoyi: Abin da Lissafi Ya Nuna

Sanin kowa ne cewa masu motoci da dama, musamman matasa, sukan cire wilin da mota ta zo da shi su ɗaura wanda ya fi shi girma, domin ƙawa ko domin motar ta ƙara tsayi daga ƙasa. Sai dai injiniyoyin da suka ƙera motar sun daidaita maleji da giya da birki ne bisa wani ƙayyadadden girman taya. Saboda haka duk sauyin da aka yi wa wannan girma yakan shafi sassan nan baki ɗaya.

Ma'anar Lambobin Jikin Taya

A gefen kowace taya akwai rubutu irin wannan: 195/65 R15, wanda shi ne girman da ake samu a ƙananan motoci da dama irin su Toyota Corolla. Lamba ta farko faɗin tayar ce, wato milimita 195. Ta biyu tana nuna tsayin gefen tayar, wato kashi 65 cikin 100 na faɗin, kimanin milimita 127. Harafin R alama ce ta tsarin saƙar cikin tayar, wanda kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a 1946. Lamba ta ƙarshe kuwa girman wilin ce, inci 15, daidai da milimita 381. Idan aka haɗa gefen sama da na ƙasa da wilin, tsayin tayar zai kama milimita 634, kuma duk juyi ɗaya tana cin kusan mita 2 na hanya.

Yadda Maleji Ke Yaudarar Direba

Maleji ba tafiyar mota yake aunawa kai tsaye ba. Juyin taya yake ƙirgawa. Alal misali, idan aka sanya 215/60 R16, tsayin zai koma milimita 664, ƙarin kusan kashi 5 cikin 100. Lokacin da maleji ya nuna kilomita 100 a awa, motar tana gudun kusan 105 ne. Bugu da ƙari, tashin motar yakan yi nauyi, kuma tayar na iya gogar jikin mota idan aka karya sitiyari ko aka yi lodi. Amma da 205/55 R16 aka zaɓa, tsayin milimita 632 ne kawai. Ƙa'idar ke nan: in wili ya ƙaru, gefen taya ya ragu, yadda bambancin ba zai wuce kashi 3 cikin 100 ba.

Darasi Daga Ƙafar Barewa

Ko an kiyaye wannan ƙa'ida, da sauran magana. Dabbobi masu gudu, irin su barewa da doki, tsokarsu tana tattare ne a cinya, ƙasan ƙafar kuwa siriri ne mara nauyi, domin nauyin da ke ƙarshen gaɓa mai motsi ya fi cin ƙarfi. Haka abin yake ga mota. Babban wili yawanci ya fi nauyi, don haka injin yakan ƙara shan mai wajen juya shi, birki kuma ya ƙara wahala wajen tsayar da shi.

Gajeren gefen taya yana sa mota ta riƙe hanya sosai a kwana, amma iskar da ke tare girgiza ta ragu. A kan titi mai ramuka, bugu ɗaya na iya lanƙwasa wili ko ya kumbura gefen taya, kuma taya mai kumburi tana iya fashewa ana tsaka da gudu.

Kafin a Sauya

Ya kamata mai mota ya duba takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, inda kamfani ya rubuta girman taya da yawan iskar da ya dace. Ya kuma tabbatar lambar ɗaukar nauyi ta sabuwar tayar ba ta gaza ta tsohuwar ba. Lamba 91, misali, tana nufin kilogiram 615 ga kowace taya. Ɗalibin da ya iya lissafin kewayen da'ira zai iya yi wa mahaifinsa wannan awo a 'yan mintoci, kafin a biya kuɗi a shagon mai taya.