Taron Binciken Ido na ARVO: Wane Ɗalibin Likitanci Ya Kamata Ya Je?

ARVO ƙungiya ce ta masu binciken ido da gani, wadda aka kafa a Amurka a shekarar 1928. Taronta na shekara-shekara shi ne mafi girma a wannan fanni a duniya. Ana yin sa a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, yakan ɗauki kwana biyar, kuma mahalarta sukan kai kimanin dubu goma daga ƙasashe sama da saba'in. Shekaru da yawa ana gudanar da shi a jihar Fulorida, amma daga 2013 ya koma zagaya birane, har ya taɓa tsallakawa Kanada a 2019. Ɗaliban likitanci da likitoci masu neman ƙwarewa a fannin ido sukan tambaya ko zuwansa ya cancanci kuɗi da lokacin da yake ci. Amsar ta dogara ne a kan abin da ake yi a taron, da kuma abin da mai zuwa ya riƙo a hannunsa.

Ginshiƙin taron shi ne gabatar da sabon bincike. Mai son gabatarwa yakan aika taƙaitaccen bayanin aikinsa tun wajen watan Disamba, kwamiti ya tantance. Kaɗan ne ake ba su damar yin jawabi na 'yan mintuna a gaban jama'a. Mafi yawa fosta ake ba su, wato babban allo mai ɗauke da tambayar binciken da hanyar da aka bi da sakamakon da aka samu, mai aikin ya tsaya a gefensa yana amsa tambayoyin masu wucewa. Kaso mai yawa na ayyukan na ɗakin gwaji ne: ƙwayoyin gado, gwaji a kan ɓeraye, ƙwayoyin halittar ratina, da na'urorin ɗaukar hoton cikin ido. A nan ya bambanta da taron ƙungiyar likitocin ido ta Amurka, AAO, wanda ya fi karkata ga duba marasa lafiya da dabarun tiyata. Wanda yake son koyon cire yanar ido ba zai samu biyan buƙata a ARVO ba.

Amfani na farko na mai gabatarwa ne. Ɗalibin da ya tsaya gaban fostarsa yakan fuskanci tambayoyi daga mutanen da suka shafe shekaru a kan batun: me ya sa adadin marasa lafiyar ya yi kaɗan, yaya aka zaɓe su, wane lissafi aka yi amfani da shi. Irin wannan gyara kafin a aika aiki ga mujalla yakan hana a dawo da shi. Ana kuma wallafa taƙaitattun bayanan da aka karɓa a ƙarƙashin mujallar ƙungiyar, IOVS, don haka aikin yana shiga tarihin karatun mai shi. A Amurka, inda samun gurbin horo a fannin ido yake da gasa mai tsanani, wannan yana da nauyi.

Na biyu shi ne haɗuwa da mutane. Shugabannin ɗakunan bincike da masu ɗaukar ɗaliban digiri na uku suna yawo a tsakanin fostoci kamar kowa, kuma hira ta minti biyar tana iya zama mafarin aikin haɗin gwiwa. Na uku shi ne ganin inda fannin ya dosa. Ilimin ido yana sauyawa da sauri: an bayyana na'urar OCT mai nuna yanke-yanken ratina a 1991, an amince da allurar ranibizumab ta cikin ido a Amurka a 2006, da maganin gyaran ƙwayar gado na Luxturna a 2017, sannan da manhajar da ke gano lahanin ciwon sukari a ido ba tare da likita ya duba hoton ba a 2018. Kowannensu ya shafe shekaru a matakin bincike kafin ya isa asibiti, kuma a irin wannan taro ake fara jin labarin ayyukan da ke wannan mataki.

Akwai kuma iyakoki. Tantance taƙaitaccen bayani ba ta kai tsananin tantance cikakkiyar maƙala ba, kuma nazarin da cibiyar Cochrane ta yi ya nuna cewa ƙasa da rabin ayyukan da ake gabatarwa a tarukan kimiyyar lafiya ne suke kaiwa ga cikakkiyar wallafa. Saboda haka abin da aka gani a fosta ba hujja ba ce ta sauya yadda ake kula da majiyyaci. Girman taron ma yana iya zama matsala, domin ana gudanar da zama da yawa a lokaci guda, kuma wanda bai zaɓi abin da zai halarta tun daga gida ba sai ya ƙare da gajiya kawai. Sai kuɗi: rajista, kuɗin zama ɗan ƙungiya ga mai gabatarwa, jirgi, masauki, da biza ga wanda ke wajen Amurka, wadda samunta ba tabbas ba ne. Ƙungiyar tana rangwame ga masu neman horo, tana kuma ba da tallafin tafiya, har da wanda gidauniyarta ta ware wa masu bincike daga ƙasashe masu tasowa, amma sai an nema da wuri kuma ana gasa a kansa.

Ga likitan da ke horo a Najeriya ko Nijar, lissafin yana da wata fuska. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, yanar ido ce kan gaba, hawan jinin ido yana bi mata, kuma fiye da kashi 80 na makantar ana iya kauce mata ko magance ta. Buƙatar gaggawa ita ce hannun da ya iya tiyata. Duk da haka yankin yana da abin da zai kai wa masu bincike. Hawan jinin ido ya fi yawa kuma ya fi saurin makantarwa a tsakanin baƙar fata, kuma gwajin MORDOR da aka yi a Nijar da Malawi da Tanzaniya, wanda aka wallafa a 2018, ya samo asali ne daga yaƙi da amosanin ido, ya nuna cewa raba maganin azitiromaisin yana rage mutuwar ƙananan yara, raguwar ta fi yawa a Nijar. Likitan da ke rubuta kundin kammala horonsa a wuri irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna yana iya riƙe da bayanan da ake nema a waje. Tsanin farko a gare shi shi ne taron shekara na ƙungiyar likitocin ido ta Najeriya, inda zai gwada gabatarwa da kuɗi kaɗan.

Zuwa ARVO ya cancanci ɗawainiyarsa ga wanda aka karɓi aikinsa, ya samu mai ɗaukar nauyinsa, kuma yake da niyyar ci gaba da bincike. Wanda bai fara wani aiki ba, ko wanda burinsa ƙwarewa a tiyata, gara ya sa kuɗinsa a kwas ɗin horo ko taron gida, ya jira shekarar da zai je da fostarsa.