Magana zarar bunu ce: kiyaye matasanmu a kafofin sada zumunta

A ƙauyukan Karaye da Rogo, yaro yakan tafi makaranta Kano ko Zariya, ko ya tafi cirani, ya dawo da babbar waya mai Facebook da WhatsApp da TikTok. Tana da amfani. Ana jin farashin hatsi, ana gaisawa da 'yan'uwa na nesa. Sai dai matasa da yawa sun ɗauki waya kamar ƙuryar ɗaki, alhali kuwa kasuwa ce. Abin da aka faɗa a cikinta kowa na iya ji. Wanda aka haɗu da shi a cikinta kuma baƙo ne.

Abin da ke fita

Ran 12 ga Mayu 2022, gungun mutane suka kashe Deborah Samuel, ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato. An zarge ta da ɓatanci saboda saƙon murya da ta tura a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu. Alhakin jininta yana kan waɗanda suka kashe ta, Majalisar Sarkin Musulmi ma ta yi tir da kisan. Amma mu lura: saƙon da aka yi wa 'yan aji ya fita daga hannunta. Ko an goge saƙo, wani ya riga ya ajiye, ya tura gaba.

A Kano kuma, a Nuwamba 2022, kotu ta yanke wa samari biyu bulala 20 da sharar kotu ta kwana 30, saboda bidiyon barkwanci da suka yi a TikTok a kan gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje.

Wanda ke shigowa

A Yuli 2012, Cynthia Osokogu, ɗaliba a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, ta tafi Legas wurin waɗansu da ta sani ta Facebook. Sun yi mata alkawarin harkar kasuwanci, suka kashe ta a otal. A 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa. Macuci yakan sa hoton wani, ya yi ta magana mai daɗi, ya aiko da kati, kafin ya ce “zo ki same ni” ko “na samo maka aiki”.

Abin da za mu iya yi

• Kafin ka tura magana, ka tambayi kanka: zan iya faɗinta a tsakiyar kasuwar Rogo?
• A guji gardamar addini da zagin shugabanni a zaure. In hira ta yi zafi, a fita.
• Kada a tura hoton tsiraici ga kowa, ko da saurayi ne. Da shi ake tsoratar da mutum a karɓi kuɗi.
• Kada a nuna gida, shanu, kuɗin amfanin gona ko ranar tafiya.
• Kada a ba kowa lambobin sirri da ke shigowa waya.
• Kada yaro ko yarinya su je ganin abokin waya su kaɗai. Alkawarin aiki a nesa, a bincika da hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane.
• Dokar Facebook da TikTok ta hana wanda bai kai shekara 13 ba buɗe shafi.

Iyaye, ko ba ku iya karatu ba, kuna iya cewa, “Nuna mini, da wa kake hira?” In yaro ya kawo kuka, a saurare shi kafin a yi faɗa. Wanda ke tsoron duka yakan ɓoye har abin ya lalace.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wane dattijo ko wace uwa a ikilisiyarmu matasa za su iya gaya wa damuwarsu ba tare da tsoro ba?
2. Yaya zumuntar mata da ƙungiyar matasa za su koyar da waɗannan abubuwa?