Gas ɗin tsofaffin AC na gab da ɓacewa: Me za a riƙa zuba musu?

A watan Afrilun bara, lokacin da zafi ya kai intaha, AC ɗin ɗakina ta fara hura iska mai ɗumi. Na kira mai gyara, ya zo da tukunyar gas ɗaure a bayan babur, ya jona tiyo, ya ɗura, ya karɓi kuɗinsa. Sanyi ya dawo.

Bayan mako uku aka koma gidan jiya.

Mai gyara na biyu ne ya nuna mini abin da ban taɓa dubawa ba: wata 'yar takarda manne a jikin injin da ke waje, an rubuta R-22 a kai. Ya ce na farkon bai toshe inda ke yoyo ba, kuma yadda ma'auninsa ya nuna, yana zargin ba R-22 zalla aka zuba ba.

Abu na farko da na koya a ranar shi ne gas ɗin AC ba ya ƙarewa kamar fetur. Zagaye yake yi a cikin rufaffen bututu, ya ɗebi zafin ɗaki ya kai waje ya dawo. Idan ya ragu, to akwai inda yake zurarewa. Duk wanda ake cika wa gas kowace bazara, kuɗinsa yake zubawa a kwando.

Abu na biyu kuma shi ne wannan R-22 ɗin kwanakinsa ƙidayayyu ne.

Me ya sa za a daina shi?

A shekarar 1974 wasu masana biyu a Amurka, Mario Molina da Sherwood Rowland, suka yi gargaɗin cewa sinadaran da ake sanyaya firji da su suna hawa sararin sama suna cinye ozon, wato iskar da ke tare mana mafi cutarwa daga cikin hasken rana, wanda ke jawo kansar fata da yanar ido. A 1985 aka tabbatar da wawakeken giɓi a saman yankin Antaktika. Shekara biyu bayan nan ƙasashe suka rattaba hannu kan Yarjejeniyar Montreal, kuma Najeriya na cikinta.

R-12 na tsofaffin firji da motoci aka fara kawarwa. Wa'adinsa a ƙasashe masu tasowa ya cika a farkon 2010.

Yanzu layi ya zo kan R-22. Amurka ta hana sarrafa shi da shigo da shi tun ranar 1 ga Janairun 2020. Ƙasashe irin namu an ba su jadawali: su rage kashi 35 cikin 100 a 2020, kashi 67.5 a 2025, sannan su daina a 2030, sai ɗan abin da bai wuce kashi 2.5 ba da za a bari don gyaran tsofaffin na'urori har zuwa 2040. A Najeriya, ofishin kula da ozon da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ne ke bin wannan aiki.

Babu wanda zai zo gidanka ya cire AC. Abin da zai faru shi ne gas ɗin zai riƙa ƙaranci, kuma duk abin da ya yi ƙaranci a kasuwa mun san sauran: tsada da jabu.

Ba kowane gas ke shiga kowace na'ura ba

Nan ne ake yin ɓarnar da ta fi yawa. Mutum ya ji an ce R-410A ne sabon yayi, sai ya ce a zuba masa shi. To R-410A yana aiki ne da matsin da ya zarce na R-22 da wajen rabi ko fiye. Bututu da kwamfaresar tsohuwar AC ba a ƙera su don ɗaukar wannan ba. Haka abin yake ga R-32 da ke cikin yawancin sababbin AC, wanda ma yana iya kamawa da wuta kaɗan.

Sai batun mai. A cikin kwamfaresa akwai man da ke hana ƙarafa gogar juna, kuma yana bin gas ɗin ne ya zaga ya dawo. Na'urorin R-22 galibi da man ma'adinai suke aiki, sababbin gas kuwa ba sa gauraya da shi. Idan aka zuba su a kansa, man sai ya maƙale a bututu, kwamfaresa ta yi ta juyawa a bushe har ta ƙone. Ba ranar take mutuwa ba, shi ya sa mai AC ba ya gane laifin daga ina yake, sai ya ɗora wa masu wutar lantarki.

Gas ɗin da ya fi kusa da R-22 a matsi shi ne R-407C. Amma kafin a zuba shi sai an fitar da tsohon gas kakaf, an canja man zuwa irin wanda ake kira POE, an zuƙe iska da danshin da ke cikin bututu da injin zuƙa. Kuma da yake haɗin gas uku ne, a ruwansa ake ɗura shi, ba a tururinsa ba, in ba haka ba haɗin ya rikice. Akwai wasu irin su R-417A da R-438A da aka yi don su zauna da tsohon mai, sai dai sanyin kan ɗan ragu. Ko su ɗin ma ba a ƙara su a kan ragowar R-22. Gas biyu ba sa haɗuwa a na'ura ɗaya.

Mafi haɗari shi ne zuba gas mai cin wuta. R-290 sinadarin furofen ne, ɗan'uwan gas ɗin girki, kuma yana sanyi sosai a na'urar da aka ƙera dominsa, wadda aka killace wayoyinta aka kuma ƙayyade yawan abin da za a zuba. A tsohuwar AC mai yoyo, cikin ɗakin da aka rufe tagogi ana barci, tartsatsi ɗaya ya isa. Gas ɗin girki kuwa, da wasu ke zubawa don araha, ko kusa bai kamata ya shiga ba.

Kada kuma a dogara da launin tukunya. An saba koriya ta R-22 ce, ruwan hoda ta R-410A, shuɗiya mai haske ta R-134a, amma fenti ba ya yi wa mai jabu wahala. A 2011 wasu kwantenoni masu sanyi sun fashe a Biyetnam da Brazil, ma'aikata uku suka mutu, aka gano an cika su ne da R-134a na jabu da aka gauraya da wani sinadari mai suna R-40.

Sababbin ma ba su tsira ba

R-410A da R-134a ba sa taɓa ozon, amma suna ɗumama duniya matuƙa. Kilo ɗaya na R-410A da ya tsere daidai yake da kilo sama da 2,000 na iskar kabon, R-32 kuma 675, R-290 kuwa 3 kacal. Wannan ya sa a 2016 aka yi wa yarjejeniyar kwaskwarima a Kigali ta ƙasar Ruwanda don a rage su su ma, kuma Najeriya ta amince da hakan a 2018. Shi ya sa firji na zamani za ka ga an rubuta R-600a a bayansa.

Don haka mai shirin sayen AC ta hannu, 'yar Kwatano ko wadda ake cewa Baljiyam, ya fara duba takardar jikinta. Da yawansu an cire su ne a ƙasashen da suka riga suka yi bankwana da R-22. Ghana ta fara aiwatar da dokar hana shigo da firji na hannu tun 2013. A ganina, araharsu a ranar saye take ƙarewa, musamman ga wanda ke rukunin Band A, inda kuɗin wuta ya tashi zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024.

Ga wanda tasa ke aiki lafiya ba ta yoyo, babu dalilin taɓa ta. Idan ta fara yoyo, a nemo wurin a yi masa walda, a mayar mata da irin gas ɗin da ke rubuce a jikinta. Idan kwamfaresa ce ta ƙone, to a yi lissafi da kyau kafin a sake narka kuɗi a kanta.

Ni dai tawa an gano yoyon a mahaɗar bututu ta bayan injin. Mai gyaran ya fitar da haɗin gambizar da ke ciki, kuma da yake ba shi da injin tara tsohon gas, a iska ya sake shi, abin da ake ta roƙon a daina ke nan. Ya yi walda, ya zuƙe danshi, ya auna R-22 a sikeli ya zuba. Kafin ya tafi ya ɗauki alƙalami ya rubuta sunan gas ɗin da kwanan wata a jikin injin, saboda wanda zai zo bayansa.