Garakan Abzin da ruwan da ke ƙarƙashin rairayi

Duk shekara in albasa ta yi tsada bayan damina, sai ka ji ana gardama a kasuwar Maraɗi ko Damagaram: wai wadda manyan motoci ke saukowa da ita daga arewa ta Aljeriya ce, don Agadas ba ta da komi sai rairayi, raƙuma da yuraniyom. Mai wannan magana bai taɓa hawa Abzin ba.

Gaskiya ne jahar Agadas ta fi rabin Nijar girma, murabba'in kilomita 667,799, kuma galibinta hamada ce. Amma a tsakiyarta duwatsun Abzin ne, wanda ya fi tsawo a Bagzan ya kai mita 2,022. A kwaruruwansu ake noma. Tabelot da Dabaga, a yankin Cirozerin, albasa, tafarnuwa da dankalin turawa. Timiya, a yankin Iferuwan, lemu da ruman da dabino. Albasar Abzin kuma tana fitowa ne daidai lokacin da ta Galmi ta ja baya, abin da ya sa take da kuɗi ke nan.

To ina ruwan? A nan ake ɓata. Mutane na zaton wani babban gulbi ne kwance a ƙasa, ko an yi ta ja ba ya ƙarewa. Ina! Ruwan sama ne ke sauka kan dutse a watan Yuli da Agusta, ya gangaro ƙorama irin Telwa da gudu, cikin kwana ɗaya ko biyu ya wuce. Ɗan abin da rairayin ya shanye, shi ne jarin shekara. Rumbu ne, ana zubawa sau ɗaya a ci wata goma sha biyu. Ko ka ce randar gidan yawa, kowa da moɗarsa.

Da can raƙumi ko sa ke jan guga a takarkart, wato na'urar jan ruwa daga rijiya, ya je ya dawo, ruwan ya bi ta kwararon itace zuwa fangali. Dabba na gajiya, rijiya ta huta ta taru. Injin ban ruwa kuwa ba ya gajiya sai mai ya ƙare, kuma yanzu ga na hasken rana. Maƙwabci ya ƙara zurfin rijiyarsa, taka ta ƙafe.

A bikin rabon injuna ana faɗin adadinsu da eka nawa za a ƙara. Ban cika jin wanda ya tambayi kamu nawa ruwan rijiyoyin Tabelot ya sauka bana ba.